Yadda Na Zama Mushe Wata Tara

Ba zan taɓa mantawa ba da ranar Asabar ɗin da na tsaya gaban kyamarorin tele a Tasawa, na gyara babbar riga, na ɗaga yatsa sama, na shiga koya wa masu shiri dokar shirinsu. Ko na so in manta, mutanen garinmu, Gidan Amumune, ba za su bar ni ba. Har yau in na bi ta kasuwa sai wani cikin ƴan kabu-kabu masu babur ya ɗaga murya: "Mushe Wata Tara, ina za a kai ka?" Ni kuma in amsa, don na lura wanda ya ƙi amsa sunan tsokana shi sunan ya fi kamawa. (Ni dai ya riga ya kama ni. Har takardar gayyatar suna an taɓa aiko mini da shi a rubuce.)

Ni malamin tarihi da labarin ƙasa ne a kolejin garinmu, kuma Mushe ake ce wa malamin boko a wurinmu. Amma in za a bi gaskiya, ba tarihin daulolin da nake koyarwa na fi sani ba. Abin da na fi sani a duniya shi ne tarihin wani shirin kacici-kacici da ake nunawa a tele kowane mako. Ba zan ambaci sunansa ba, sun riga sun ci ribar da za su ci a kaina. Tun ina ɗan firamare na kamu da shi, lokacin da tele ɗaya ce a unguwarmu, ana kunna ta da batirin mota a ƙofar gidan mai unguwa, mu zauna a ƙasa bayan la'asar muna ture juna. Sauran yara kokawa suke jira. Ni kuwa kaye, wato littafin rubutu, na tanada musamman, ina rubuta tambayoyi da amsoshi da sunayen waɗanda suka ci da waɗanda suka faɗi. Kafin in gama makarantar horon malamai, kaye goma sha ɗaya na cika.

Kuma ba tambayoyin kaɗai ba, har abin da ba wanda ya tambaye ni. Na san cewa da farko ba ƙararrawa a shirin, hannu ake ɗagawa, sai da wasu mutum biyu suka kusa dambe a kan wa ya riga wani, sannan aka kawo ƙararrawar hannu irin ta lakwal, wato makarantar boko. Na san daga baya aka kawo maɓallin lantarki, kuma ranar farko da aka gwada shi kuran, wato wutar lantarkin, ya ɗauke, aka koma ɗaga hannu. Na san da can Faransanci kaɗai ake amsawa da shi, sai da aka yi ta ƙorafi aka yarda da harsunan gida. Na san lokacin amsa minti guda ne, aka rage shi zuwa daƙiƙa talatin saboda wani dattijo da aka tambaye shi sunan kogi ya ɗauko labarin tafiyarsa fatauci. Na san mai gabatarwa na farko, wanda muke kira Mai Jar Hula, yakan yi gyaran murya sau biyu in tambaya mai wuya ce ke tafe. In ka zauna kusa da ni wurin shan shayi ka yi kuskuren cewa "kacici-kacici", to ka yi sallama da la'asar ɗinka.

Dokar da na fi ƙauna ita ce ta koren kati, kuma ku riƙe ta da kyau don ita ta kashe ni. A zagayen ƙarshe, wanda ke kan gaba a maki shi ake yi wa tambayar rufewa. In ya amsa daidai, ya ci. In ya kuskure, a cire makin tambayar daga nasa a ƙara wa abokin karawarsa. Amma an ba shi mafita guda: akwai koren kati a gabansa, in ya ɗaga shi, ya tura tambayar ga abokin karawa ke nan, shi kuma ya zauna lafiya da makinsa. Na sha yi wa mutane bayanin hikimar katin nan, har da zane a ƙasa da tsinke.

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba a lokacin. Na yi shekara uku ban kalli shirin ba. An tura ni wani ƙauye can wajen Kanan-Bakashe inda ba kuran, na yi shekara biyu. Da na dawo gida na kunna tele, sai na tarar Mai Jar Hula ya yi ritaya, an sa wani matashi mai ƙyallin goshi da kwat, yana magana kamar ana korarsa. Minti goma na kalla na kashe. Na ce sun lalata shirin. Daga nan na koma kallon tsofaffin da na tara a katin waya, ina maimaita su kamar karatun allo. A waje kuwa na ci gaba da zama masanin shirin. Wa zai ƙaryata ni? Duk wanda ya ɗauko zancen shirin makon jiya sai in tare shi da na shekarun baya har ya gaji ya yi shiru.

Ana nan sai Direktan kolejinmu ya tara mu a ofis ya karanta mana takarda. Masu shirin za su zagaya jihohi, za su zo Tasawa su ɗauki gasar malaman makarantu. Kowace makaranta ta ba da mutum ɗaya. Wadda ta ci za a kafa mata pano mai hasken rana da fitilu a azuzuwa biyu. Ku da kuke birni ba za ku gane girman wannan ba. Ɗalibanmu masu jarrabawar ƙarshe, da rana ta faɗi karatu ya ƙare, sai wanda gidansu ke da tocila mai rai. Shekara da shekaru Direkta na rubuta takardun roƙo a kan wutar nan.

Ya ce, "Bon. Wa za mu aika?"

Wasu suka ce Madam Rabi. Malamar lissafi ce, mace mai shiru-shiru, ba ta magana sai ta auna, kuma (wannan daga baya na sani) ba ta taɓa fashin kallon shirin ba. Ni kuwa jin an ambaci wani suna ba nawa ba, sai na ji kamar an ba baƙo gadon ubana. Na miƙe. Na yi jawabin da ya fi rabin awa. Na fara daga ɗaga hannu, na bi ta ƙararrawa, na sauka a kan maɓalli. Na ce gasar nan ba ilimi kaɗai ba ce, dabara ce, kuma wanda bai san asalin doka ba ba zai iya wasa da ita ba. Na rufe da cewa, "Da girmamawa ga Madam, lissafi daban, fagen fama daban."

Madam Rabi ta yi murmushi ta ce, "Ba komi, Mushe ya tahi. Sai dai ina so in tuna mishi, katin nan kore, ai yanzu..."

Na katse ta. "Madam, koren kati? Ni za a gaya wa koren kati? Kin san dalilin da ya sa aka kawo shi?" Na ba ta labarin wani ɗan takara da ya sume a kan tambayar rufewa, aka yayyafa masa ruwa a gaban kyamara, wanda daga nan ne aka ga ya kamata a ba mutane mafita. Ta saurare ni har ƙarshe. Ta ce, "To, Allah ya ba da sa'a." Ta maida bik ɗinta na rubutu cikin jaka. Sau da yawa ina tuna yadda ta rufe jakar nan a hankali, kamar mai rufe ƙofar ɗakin mara lafiya.

Mako biyu na yi ina shiri. Na haddace manyan biranen duniya har da na tsibiran da ban san ana zaune a cikinsu ba. Na bi tsawon koguna da tsayin duwatsu. Na kuma bi gari ina sanar da mutane, a masallaci, a mahauta, a tashar kabu-kabu, cewa su fara neman inda za a kafa pano. Ɗinki na kai na sabuwar babbar riga mai ruwan bula. Har Inna, mahaifiyata, na je na ce ta shirya za ta ga ɗanta a tele. Na same ta a bayan gida tana ba awakinta dusa, jajayen nan da take ji da su kamar jikoki.

Ta ce, "Auta, mi za a tambaye ka can?"

Na ce, "Komi da komi, Inna. Duniya gaba ɗaya."

Ta ce, "Duniya da faɗi. Allah shi sa su tambayi gefen da ka sani."

Ranar Asabar muka ɗauki hanya tun da sassafe. Direkta ya samo motar kasuwa, aka cika ta da malamai da iyayen yara da Inna a gaba kusa da direba, ƴan kabu-kabu kusan goma suna biye da mu, sun zuba wa baburansu isansi da kuɗin aljihunsu don kawai su ga an ci. Muka ratsa Mayahi mota da babura suna ta busa oda kamar kai amarya. Kafin hantsi mun isa zauren taron da aka shirya a Tasawa.

Muna sauka wata ma'aikaciyar shirin ta fito da takarda a hannu tana kira: "Ƴan takara su shigo, za a yi bayanin reglama!" Wato dokokin wasa. Sauran malamai suka bi ta kamar tumaki. Ni kuwa a lokacin ina ƙarƙashin wata bishiyar bedi, mutane sun kewaye ni, wani mai kilishi ya miƙo mini ɗanɗano kyauta, ina tsakiyar labarin ranar da kuran ya ɗauke. Direkta ya zo ya taɓa kafaɗata.

"Mushe, ana kiranku."

Na ce, "Mushe Direkta, su je su koya. Reglamar nan tun ba a haifi yarinyar can ba nake rubuta ta."

Aka yi dariya, na ji daɗi. Madam Rabi na gefe da lema, ta buɗe baki, ta dube ni, ta rufe. Ban shiga ba sai da aka zo shafa mana hoda a goshi. (E, an shafa mini hoda. Wannan ma yana cikin abin da ake tuna mini.)

Aka jefa ƙuri'a, karawar farko ta faɗo a kaina, ni da wani Malam Bello daga wata makaranta ta garin Sarkin Hausa. Bafulatani ne siriri, mai sanyin murya, rigarsa ko guga ba ta sha sosai ba. Ya miƙo mini hannu biyu ya ce, "Mushe, mun ji labarinka. A yi mana sauƙi." Na dafa kafaɗarsa na ce kada ya damu, wasa ne. Har cikin raina na tausaya masa.

Kuma ku ji, da farko abin ya tafi yadda na tsara. Matashin nan mai ƙyallin goshi yana jefo tambaya ina cafewa. Babban birnin ƙasa kaza, na danna maɓalli. Kogin da ya ratsa ƙasashe kaza, na danna. Wani lokaci tun bai rufe baki ba na amsa, har in ƙara masa da abin da bai tambaya ba. Zaure ya ɗauki tafi, ƴan kabu-kabunmu suna buga benci. Malam Bello yana tsintar nasa a hankali, ɗaya nan ɗaya can, ba hayaniya. Da aka zo zagayen ƙarshe ina da maki tamanin, shi yana da hamsin. Tambayar rufewa maki ashirin ce. Na hango Direkta a layin gaba yana share ido da hankici. Na tabbata a ransa ya riga ya kunna fitilun nan.

Mai gabatarwa ya ce, "Mushe, kai ke gaba, tambayar rufewa taka ce. Daga ɓangaren noma da kiwo ta fito." Ya dubi katinsa ya yi ɗan murmushi. "Kai, wannan kyauta ce. Wata nawa akuya ke yi da ciki kafin ta haihu?"

Zaure ya fashe da dariya, irin dariyar an gama. Wani daga baya ya ce, "A ba mu panonmu mu tahi!"

Jama'a, ban sani ba. Wallahi ban sani ba. An haife ni a gidan da awaki suka fi mutane yawa, da kuɗin awaki aka saya mini kayen farko, da nononsu aka yaye ni, amma ban taɓa tsayawa na ƙirga ba. Ni dai na san akan wayi gari a ga ƴan awaki suna tsalle a tsakar gida. Na san tsawon kogin da ban taɓa gani ba har da ɗigo, amma akuyar da ke cin wankina a kan igiya ban san watanninta ba.

Sai dai ban firgita ba, don ga koren kati a gabana. Na yi lissafi cikin ƙiftawar ido. In na amsa na kuskure, a cire mini ashirin a ba shi, ya wuce ni. In na tura masa, ko ya amsa daidai saba'in zai samu, ni ina nan da tamanin ɗina. Na ci ke nan, kuma ba wanda zai san ban sani ba, sai a ce dabara ce ta gwani. Na ce a raina, yau ga ranar kaye goma sha ɗaya. Na ɗauki katin da yatsu biyu, na miƙe tsaye (ba a ce a miƙe ba), na ɗaga shi sama, na juya shi dama da hagu don kowace kyamara ta samu rabonta.

Zauren ya kusa tsagewa. Ihu, guɗa, tafi, wani har da tsalle a kan benci. Aka saki wani kiɗa mai ganguna, fitilu suka shiga walƙiya. Mai gabatarwa ya riƙe kai ya ce, "Kai! Kai! Namijin duniya! Jama'a, Mushe ya ɗaga kore!" Na ɗan yi mamakin yadda ake murnar tura tambaya haka, amma na ce ai mutane sun gane gwaninta. Na russuna musu. Na koma na zauna, na harɗe hannu a ƙirji, na juya ga Malam Bello na yi masa alama da haɓa, wato bismilla.

Malam Bello ya dube ni. Mai gabatarwa ya dube ni. Kiɗa ya tsaya.

"Muna saurarenka, Mushe."

Na ce, "Ai na tura."

"Ka tura mi?"

"Tambayar. Na tura wa abokina. Koren kati ke nan."

Ya ɗan yi dariya yana zaton wasa nake. Da ya ga fuskata sai ya daina. Ya ce, "Pardon, Mushe. Koren kati ba ya tura tambaya. Koren kati ko duka ko babu ne. Ka sa makinka tamanin gaba ɗaya a kan tambayar nan. In ka amsa daidai a ninka maka, in ka kuskure ka koma sifili."

Mai hankali a nan zai yi shiru ya nemi taimakon Allah. Ni sai na miƙe, na gyara riga, na ɗaga yatsa. Na ce, "Ɗan'uwa, da girmamawa, kai sabo ne a shirin nan." Na ji wani ya ce "subhanallahi" a layin gaba, ina jin Direkta ne. Ban tsaya ba. Na ba shi tarihin katin tun daga mutumin da ya sume. Na kawo masa misalin karawa uku da aka ci da shi. Na ce Mai Jar Hula da kansa ya kira shi katin tsira. Na ce in ana shakka a ɗauko kundin shirin a duba. Duk wannan da makirufo a maƙale a wuyan rigata, kyamara uku suna kallona.

Ya bar ni na gama, don ya san abin da yake samu. Sannan ya ce, da ladabin da ya fi mari zafi, "Mushe, duk abin da ka faɗa gaskiya ne, kuma mun gode da darasi. Haka dokar take da can. An sauya ta shekara biyu da suka wuce. Ko yau da safe an maimaita wa ƴan takara." Ya juya ga ma'aikaciyar nan mai takarda. "Kowa ya halarci bayani?"

Ta ce, ba tare da ta ɗaga kai ba, "Ban da mutum ɗaya. An ce yana cin kilishi."

Ban san zaure na iya yin irin wannan dariya ba. Mai gabatarwa ya ɗaga hannu aka lafa. Ya ce, "Daƙiƙa talatin, Mushe. Akuya. Wata nawa?" Agogo ya fara bugawa.

Na dubi jama'a ina neman ceto, sai na ga abin da ya ƙarasa ni. Mutanen garinmu, layi bayan layi, kowa ya ware yatsun hannunsa biyar ya miƙo mini. Ƴan kabu-kabu, iyayen yara, malamai abokan aikina. Direkta ya ɓoye nasa a gefen gwiwa amma a ware suke. Can kuma ga Inna, ta miƙe tsaye, mayafi ya zame, ta turo mini tafin hannunta da yatsu biyar a buɗe, tana girgiza shi da ƙarfi.

To ku gaya mini, a ƙasar Hausa in mutum ya ware maka yatsu biyar a fuska, me yake nufi? Ni dai daƙuwa na gani. Na ce shi ke nan, gari guda ya taru yana zagina, har uwar da ta haife ni ta ce ungo naka a gaban tele. Idona ya cika da ƙwalla. Ko kusa bai zo mini ba cewa amsa suke ba ni. Mai gabatarwa yana ta cewa, "Jama'a a sauke hannu, ba a taimako!" amma ni a kunnena cewa yake a daina zagin bawan Allah.

"Saura biyar, Mushe!" (Har shi ma, kun ji, ya faɗe ta da bakinsa, ko da yake daƙiƙa yake nufi.)

Na yi tunanin da ya rage mini. Na ce akuya dai dabba ce mai shayarwa, mutum ma haka. Allah ba ya bambanta bayinsa. Na kama makirufo na ce da muryar aji, "Wata tara."

Sai muryar wata tsohuwa, ba ma ƴar garinmu ba, ta tashi daga tsakiya: "Wata tara? Akuyar gidanku lakwal take zuwa?"

Allon maki ya juya, tamanin ta koma sifili a gaban idona. Don cika ƙa'ida aka tambayi Malam Bello. Ya sunkuyar da kai kamar shi ya yi laifin, ya ce a hankali, "Biyar ne." Ya zo ya riƙe hannuna ya ce, "Mushe, ka yi haƙuri, ka fi ni sani nesa ba kusa ba." Na so ƙasa ta buɗe. Da ya yi mini dariya da ya fi mini sauƙi. Shi ne ya ci gaba har ya lashe gasar ranar, pano ya tafi Sarkin Hausa.

A hanyar komawa ba oda, ba waƙa. Na nemi in hau bayan wani ɗan kabu-kabu don in guje wa motar, ya ce tayarsa ba iska, alhali ina ganinta tam. Na shiga mota na takure a kan buhun wani. Mun wuce Mayahi sai Madam Rabi ta matso ta ce, "Mushe, in faɗa maka wani abu, ko in bari?"

Na ce ta faɗa, me ya rage.

Ta ce, "Dokar cire maki ma an soke ta, tare aka sauya su. Yanzu in ka kuskure tambayar rufewa ba a taɓa makinka. Da ba ka ɗaga katin ba, ko wata ashirin ka ce, da mun ci."

Na ce, "Madam, don Allah me ya hana ki faɗa mini tun a ofis?"

Ta ce, "Na fara."

Bayan mako biyu aka nuna shirin. Na yi addu'ar su yanke wurin, ba su yanke ko tari ba, har suka maimaita jawabina a tallar mako mai zuwa. Kafin wata ya ƙare guntun bidiyon ya shiga kowace waya daga nan har Maraɗi, wani ma ya haɗa shi da kukan akuya. A aji in na tambayi shekarun wata daula, sai in ji daga baya an ce "tara" ƙasa-ƙasa. Wannan duk mai sauƙi ne. Abin da ya fi ci mini rai shi ne in wuce ta lakwal da magariba in ga ƴan ajin jarrabawa suna tattara kaye saboda duhu, su gaishe ni da ladabi su wuce. Direkta bai taɓa yi mini faɗa ba. Ya dai koma rubuta takardun roƙonsa, kuma duk wadda ya rubuta ni yake ba in kai Mayahi, a kan babur ɗina, da isansina. Ban taɓa cewa a'a ba. Madam Rabi kuwa na je har gidanta na ba ta haƙuri a gaban maigidanta, na kuma yi shiru har ta gama magana, karo na farko tun da muka san juna.

Inna ce ta ƙi ce mini komai har kwana uku. Ran na huɗu na je gaishe ta, na ce, "Inna, ni fa na zaci daƙuwa kike yi mini."

Ta ce, "Da farko amsa nika ba ka. Da ka ce tara, sai na bar hannun yadda yake."

Na yi dariyar dole. Ta ci gaba da tankaɗe, can ta ɗago ta ce, "Ni ban yi lakwal ba, Auta, amma na ga abin mamaki. Akuya wata biyat take yi ta haifi abin da za a mora. Ni na yi tara."

Tun daga ranar, duk inda aka ce za a karanta doka, ko ta layin awon hatsi ce, ni ne a bencin gaba, baki rufe, kunne buɗe. Na gane cewa sanin yadda abu yake jiya ilimi ne mai kyau, har albashi ake ba ni a kansa, amma ba ya hana a sauya abin yau da safe kana waje kana cin kilishi. In kuwa kuka ga gari guda ya ware muku yatsu biyar, kafin ku yi fushi ku fara ƙirgawa tukuna. Mai yiwuwa taimako ne. In kun bari lokaci ya wuce, zai koma abin da kuka zata.